Bindigar Bahago

Tashar auna yanayi, kan dutse
Ƙarshen hunturu

Kawu Nedyalko,

Da wane ido kake karanta wannan takarda? Kar ka ce da duka biyun, ba gaskiya ba ne. Ajiye ta, ka leƙa ta tagar shagonka, ka miƙe hannu ka rufe kan hasumiyar coci da babban yatsanka. To, runtse idon hagu. Buɗe shi, runtse na dama. A ɗaya daga ciki hasumiyar ta yi tsalle ta fito daga bayan yatsan, ko ba haka ba? Idon da ya riƙe ta a ɓoye shi ne maigida, ɗayan ɗan rakiya ne kawai. Duk tsawon zamanka kana ƙera wa mutane bindiga, ka taɓa sa wani ya yi wannan kafin ka auna masa ƙota? Ni a wani tsohon littafi na gani, wanda aka tokare ƙafar teburi da shi a nan.

Yanzu kuma gaisuwa, kafin ka ce 'yar'uwarka ta bar maka ɗa marar tarbiyya. Ina gaishe ka, ina gaida ƙugunka mai ciwo, ina fatan murhun shago ya daina yi maka hayaƙi. Da kana ji, da na buga maka waya mun gama magana a tsaye. Amma kai da abokanka kun kashe kunnuwanku da harbi kuna cewa toshe kunne na ragwaye ne, ga shi yanzu sai na jira Pencho ya hawo da motar abinci kafin in yi magana da kai.

Nan ba labari. Dusar ƙanƙara ta kai rabin taga. In fita in duba ma'aunai, in aika lambobi, in dawo in dafa wake. Abokin aikina ya sauka tun kafin Kirsimeti da ciwon haƙori, bai dawo ba, ba a kuma aiko wani ba. Shekaranjiya na kama kaina ina yi wa tukunya bayanin yadda iska ke karkatar da harsashi. Ta fi 'yan ƙungiyarku ta maharba saurare.

Ga dalilin takardar. Na gaji da aron bindigar ƙungiya, wadda kowa ya goga kumatunsa a kanta har ƙotarta ta yi sanƙo. Ina so ka haɗa mini tawa, don gasar mita dubu ta lokacin kaka. Na yi karatu, Kawu, ba na wasa ba, kuma na san abin da nake so. Bututu dogo mai kauri, na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ba ya saurin yin zafi. Harsashi mai kaurin milimita bakwai, dogon nan siriri mai keta iska, ba guntun nan na kakanni da kuke ta bauta wa ba. Murɗin cikin bututun ya zama mai sauri, yadda zai juya dogon harsashi ya tafi da kai a gaba. Kunama mai laushin da tunani kawai zai tashe ta. Madubin hange kuwa, ko zan shekara ina cin wake ba mai, sai na sayi na kirki.

Sakatar ɗura harsashi kuma ta hagu.

Na sa wannan a layinsa shi kaɗai don kar ka ce ba ka gani ba. Ka san da wane hannu aka haife ni. Kana gidan lokacin da Kaka take ɗaure mini hannun hagu a jikin kujera da gyalenta, har na koyi riƙe cokali kamar 'ya'yan mutane. Hannu ya koya. Ido kuwa ba wanda ya tuna ya ɗaure shi. Tun da na shiga ƙungiya nake kwanciya a filin harbi ina leƙa madubi da ɗan rakiya, shugaba Baba Blagoy yana tsaye a kaina yana cewa, "Yaron nan akwai hannu, nutsuwa ce dai babu." Akwai wata bindigar iska a nan ta korar hankaki. Na juya ta kafaɗar hagu. Kawu, gwangwanin da nake kuskure tun bara, na huda shi har ya koma rariya. Na yi ihu, ba wanda ya ji sai hankakin.

Ka rubuto mini abin da ka gani. Kar ka ba Pencho takardar a buɗe.

Ɗan 'yar'uwarka,
Tihomir

*

Shago, bayan kasuwa
Farkon bazara

Ɗana Tihomir,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ƙugu yana nan yadda ka bar shi. Shamuwa ta dawo kan bututun hayaƙin makaranta, na kwance zaren ja da fari daga hannuna na ɗaura a itacen ƙofar shago kamar yadda muka gada in an ga shamuwar farko, na ɗaura har da naka tunda can wurinku ba shamuwa. Takardarka ta iso, na karanta ta da tabarau, shi ne maigidan idona duka biyu.

Bututu, na yarda. Madubi, na yarda, kuma ka ci waken da mai, za a san yadda za a yi. Milimita bakwai ban yarda ba. Littafinka ya faɗa maka yana keta iska, bai faɗa maka yana cin maƙogwaron bututu kamar wuta a ciyawa ba. Kai mai koyo ne, mai koyo kuwa harbi da yawa yake bukata. Kafin ka san halin bindigar, bututun ya ƙone. Tunda ka raina na kakanni, mu haɗu a tsakiya, shida da rabi. Ba ya dukan kafaɗa, yana kai mita dubu lafiya lau. Kunamar da tunani ke tashe ta kuma, da irin tunaninka, sai ka ƙarar da mu duka a filin. Zan sassauta maka ita daidai hankali. Ka kuma tuna ana ɗora bindiga a sikeli ranar gasa, da madubinta da ƙafafun da ake kafa ta a kansu, in ta wuce nauyi ka koma gida. Ka rage kwaɗayin kauri.

Takardar a rufe na karɓe ta, amma Pencho ya gan ni ina auna ƙarfe, ya tambaya, na ce naka ne. Kafin yamma duk gari ya ji. Ka san al'adarmu, ba a barin mutum ya haɗa bindigarsa ta fari shi kaɗai. Kowa sai ya sa wani abu nasa a jikinta, don a iya cewa tamu ce. Pencho ya kawo kunama. Likita Strahil mai cire haƙori ya kawo ƙafafu da zoben riƙe madubi. Blagoy kuwa ya buɗe akwatinsa ya ciro gidan sakatar, wato ƙarfen da sakata ke gudu a ciki, wanda ya je gasar ƙasa da shi yana saurayi, da ƙotar itace mai daraja da aka sassaƙa masa tun lokacin. Mutane da yawa sun roƙe shi waɗannan, har da surukinsa. Bai taɓa ba kowa ba.

Ka sauko ranar bikin Waliyi Georgi. Za a yanka rago a filin harbi, a ba ka kayan gaban jama'a.

Maganar da ka sa a layinta ita kaɗai, na gani. Ban faɗa wa kowa ba. Ka sauko tukuna.

Allah ya tsare ka. Ka riƙa sa hula in za ka fita.

Kawunka,
Nedyalko

*

Tashar auna yanayi
Bayan biki

Kawu,

Gaisuwa, da godiyar cukun da ka cusa mini a jaka. Na iso lafiya. Ban yi maka sallama da kyau ba don ina jin haushinka, har yanzu ma ina ji.

Ka zauna kana yanka nama kamar kurumtar ta kai maka har ido. Ka san abin da ke cikin ƙyallen nan na Baba Blagoy kafin a kwance shi, ka san na dama ne, ka bari aka miƙo mini gaban mutane. Tunda ba ka ji abin da aka faɗa ba, bari in ba ka, ka san abin da ka jefa ni ciki.

Pencho ne ya fara. Ya ɗaga kunamar sama ya ce, "Farfesa, ga tawa! In ka ci gasa ni na ja, in ka kuskure littafi ne ya ruɗe ka."

Likita ya ce, "Ku bar shi ya ci, in ya kuskure ya zo in cire masa haƙori kyauta, ya sami dalilin kuka."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai Baba Blagoy ya miƙe, kowa ya ajiye kofinsa. Ya kwance ƙyallen a hankali kamar mai buɗe jariri. Ya ce, "Riƙe ta da kyau, yaro. Ta san hanyar mita dubu, kai dai kar ka tare mata gaba." Ya dafa kafaɗata ya juya ga jama'a ya ce, "Daga yau wannan namu ne."

Namu, Kawu. Tun rasuwar Inna ba wanda ya kira ni nasa sai kai, kai ma a rubuce. Ni mai bakin nan, wanda aka kora daga makaranta saboda gardama da malami, na tsaya da ƙarfe a hannu na ce na gode. Sau biyu ma na faɗa. Na sha barasar Likita, na yi rawa da su, na rungume Pencho. Wallahi na ji daɗi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da na dawo na jera kayan a kan gadon abokin aikina, tunda ba mai kwana a kai. Kar ka ce ban gwada ba. Na ɗora ƙotar a kafaɗar hagu, tudun da aka sassaƙa don kumatu yana can ɗaya gefen, ni kuma ƙashin fuskata na kan kaifi. Sakatar tana dama, duk harbi sai na ɗaga kai, in tsallake madubi da hannu in jawo ta, in koma in sake neman wurina. Kafin nan iskar da na karanta ta canza, ni kuwa na san iska, ita kaɗai ce maƙwabciyata. Sai na ce to, a ɗaure idon kamar yadda aka ɗaure hannun. Na yanka tsohuwar safa na rufe idon hagu, na yini da ita, na kwana da ita, har sati ya zagayo. Kaina ya riƙa sarawa. Na zuba ruwan zafi a gefen kofi. Ranar da na aika wa birni lambar ma'aunin da ba ita ba ce, na cire safar na jefa a murhu.

Da Pencho ya hawo na naɗe gidan sakatar da ƙotar a ƙyallensu na miƙa masa.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Na Baba Blagoy ne. Ka kai masa, ka ce na gode, ba za su yi mini ba. Ni bahago ne."

Ya ja da baya kamar na miƙo masa garwashi. "Kai, Farfesa, iskar dutse ta taɓa ka ne? Ana mayar da kyautar bindigar fari? Ko uban da ya haife ni bai taɓa jin haka ba. Sa mini maciji a mota ya fi mini sauƙi."

"Maciji ba ya hawowa nan, sanyi. Ɗauki."

"Bahagon me? Ni na ga ka kana cin nama da dama!"

"Da baki nake ci, Pencho."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauka, ya ajiye a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel kamar mutum. Bai tsaya shan kofi ba.

Ka yi mini odar gidan sakata na hagu. Ƙota ka sassaƙa da kanka, kowane itace ka samu. Shida da rabi na yarda, ka fi ni gaskiya a nan, kar ka saba da jin haka daga bakina. Kunamar Pencho da ƙafafun Likita suna nan, in ba su aiko a karɓa ba zan sa su.

Ka huta lafiya.

Tihomir

*

Ofishin ƙungiyar maharba

Zuwa ga ɗan ƙungiya Tihomir Vodenicharov,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa kayan da ka aiko ta hannun Pencho sun iso cikin kyakkyawan yanayi.

Kwamiti ya zauna a kan batunka. Kamar yadda ka sani, ƙungiyarmu ƙarama ce, kuma ba a shiga gasar kaka sai da sunan ƙungiya. Mutum huɗu muke turawa da bindiga biyu, kowace bindiga mutum biyu ke harbi da ita, ɗaya na harbi ɗaya na kwance gefensa yana duba masa iska, sannan su yi musaya. Haka muka gada, haka muke iya ɗauka. Don haka duk bindigar da za ta tafi da sunanmu, dole a sami wani ɗan ƙungiya bayan mai ita da zai iya harbi da ita. Bindigar da kake shirin haɗawa ta mutum ɗaya ce. Kwamiti bai ga yadda zai sa sunanka a bana ba.

Wannan ba kora ba ce. Filin harbi a buɗe yake gare ka kowace Asabar. Kayan da ka mayar suna nan a akwati, idan ka sake tunani.

Zan ƙara kalma ɗaya wadda ba ta kwamiti ba. Ba kai ne farkon wanda aka haifa haka ba. Wasu sun koya, sun yi shiru, sun yi harbi tare da jama'a har suka tsufa. Ba su mutu ba.

Tare da girmamawa,
Blagoy Karamitev
Shugaba

*

Tashar auna yanayi
Tsakiyar rani

Kawu,

Ina gaishe ka. An ce zafi ya matsa muku a ƙasa, nan har yanzu da rigar sanyi nake fita da safe.

Ga takardar shugabanku na haɗo maka, ka karanta ka ga yadda ake yanka mutum da tsabtatacciyar wuƙa. "Ba su mutu ba." Wannan ne abin da za a rubuta a kan kabarin mutum? Ya koya, ya yi shiru, bai mutu ba, sai da ya mutu? Na rubuta masa amsa kala-kala, duk na hura wuta da su, don kowace ta fi ta baya zagi.

Na sauka wata Asabar ban biyo ta shago ba, ka yi haƙuri. Filin a buɗe yake kamar yadda ya ce. Na shimfiɗa tabarmata, sai na ga kowa ya tuna yana da abin yi a ɗaya ƙarshen. Likita ya ɗaga mini hannu daga nesa kamar mai gaida jirgin ƙasa. Ba wanda ya zage ni, Kawu. Da sun zage ni da na san abin yi, a nan na fi ƙwarewa. Wani ya zagayo da wainar dankali a faranti, ya zo daidai ni ya tsaya yana duban sama, sannan ya ajiye mini yanki a gefen tabarma, kamar yadda ake ajiye wa kare. Na ci. Yunwa nake ji.

Pencho yanzu a bakin ƙofa yake sauke buhu ya juya mota. Wancan zuwan na fito da kofi biyu a hannu na ce, "Ko na minti ɗaya?" Ya ce, "Hanya ba kyau, Farfesa." Hanyar ta bushe tun watan jiya. Na shanye duka biyun ina kallon ƙurarsa.

Wasu masu yawon dutse sun zo sun kwana biyu a nan, na yi musu surutu har suka gudu kafin su gama karin kumallo. Littattafan tashar na gama su, na koma kan na gyaran janareta.

Wani lokaci ina cewa, me zai ci ni in na karɓi ta daman? In riƙa zuwa na tsakiya a kowace gasa, a riƙa cewa akwai hannu babu nutsuwa, in ci rago, in yi rawa, in tsufa a cikinsu. Sai in ɗauki bindigar hankaki in fita, in ɗora ta a hagu, duniya ta tsaya cak a cikin madubi, komai da bakinsa tsaf. Wanda ya ga wannan sau ɗaya, ta yaya zai koma leƙe ta hazo don a ba shi nama?

In kuskure na yi, faɗa mini kai tsaye, kar ka sake cewa in sauko tukuna. Amma ko me za ka ce, ka gama mini bindigar. Ko ba za ta je ko'ina ba, ina so in ga fuskarta.

Naka,
Tihomir

*

Shago
Ƙarshen rani

Ɗana Tihomir,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ka ci wainar. Mai fushi da ciki a cike ya fi mai fushi da yunwa daɗin sha'ani.

An gama. Gidan sakatar ya daɗe a hanya don ba a ajiye na hagu a kanti, sai an yi oda. Ƙotar ta ba ni wuya, hannuna ya saba da gefe ɗaya, sau da yawa na kama kaina ina sassaƙa tudun kumatu a inda ba a ce ba. Na lalata itace ɗaya. Na biyu ya yi. Na ɗora ta a sikeli da madubi da ƙafafun Likita, tana ƙasa da iyaka. Kunamar Pencho ta zauna kamar don ita aka yi. Ba su aiko a karɓa ba, ka lura da wannan.

Ka ce in faɗa maka kai tsaye. Ban san ko kuskure ka yi ba. Ga dai abin da na gani.

Ranar Talata Blagoy ya shigo, wai a duba masa wani ƙaramin dunƙulen ƙarfe da ba abin da ya same shi. Taka tana kan teburi. Ya yi kamar bai gan ta ba. Na shiga ciki ɗauko mai, ka san ƙuguna, ba na sauri, kuma mutane suna mantawa kurma yana da ido. Akwai madubin nan da na kafa don ganin mai shigowa. A ciki na gan shi.

Ya ɗauke ta. Bai juya ta yana neman gefe ba kamar yadda ni na yi, kamar yadda duk wanda ya taɓa ta ya yi. Ta tafi kafaɗarsa ta hagu kai tsaye. Ya kwantar da kumatu, ya runtse idon dama, ya saita ta taga. Hannunsa na hagu ya ja sakatar ya mayar, ya ja ya mayar, kansa bai motsa ba ko kaɗan. Na shekara arba'in ina kwanciya gefen mutumin nan, ban taɓa ganin hannunsa ya yi laushi haka a kan ƙarfe ba. Ya daɗe a haka. Ban san me yake kallo ba, ba komai a wajen sai bangon gidan burodi.

Na yi tari kafin in fito. Na tarar ya ajiye ta, yana goge tabarau. Ya ɗauki allin da ake rubuta mini magana da shi, ya rubuta a allo, "Ƙotar ta yi wa yaron tsawo da yatsa ɗaya." Ya goge da hannun riga, ya fita, ya bar dunƙulen ƙarfensa. Na auna da tsohuwar rigarka da ke nan. Gaskiyarsa. Na rage.

Ya je gasar ƙasa sau da yawa, bai taɓa wuce na huɗu ba. Kullum mukan ce rashin sa'a ne.

Ba don ka yi makami da shi na faɗa maka ba. Na san bakinka. Mutum ne da ya gina rayuwarsa a kan abin da ya haɗiye, in ka fasa shi gaban jama'a ba abin da za ka samu sai tsoho a ƙasa.

Ban harba ta ba. Ka san sabuwar bindiga shugaba ne ke buɗe mata baki da harbin farko gaban 'yan ƙungiya kafin mai ita ya taɓa kunama, ban kuma ga dalilin da zai sa taka ta fi sauran rashin gata ba. Tana nan a rufe da bargo. Kai za ka san yadda za ka yi.

Allah ya yi maka albarka, ya kuma rage maka kaifin harshe kaɗan, ba duka ba.

Kawunka,
Nedyalko

*

A manna a ƙofar ƙungiya, inda kowa zai gani

Zuwa ga Shugaba, Baba Blagoy Karamitev,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida 'yan ƙungiya duka, har da waɗanda suka daina ganina.

An gama bindigata. Akwai kunamar Pencho a jikinta, da ƙafafun Likita, da aikin Kawuna. An kuma rage tsawon ƙotar, ina godiya ga wanda ya ba da shawara. Ba a harba ta ba tukuna, don ba a taɓa haɗa sabuwar bindiga a garin nan ba tare da shugaba ya buɗe mata baki ba. Kun ce na karya al'ada sau ɗaya. Ba zan karya ta biyu ba.

Ranar Asabar zan sauko. Zan kafa ta a layin mita dubu, in sa harsashi a gefe, in kwanta kusa da ita in duba iska. Ba zan ce komai a kan kowa ba, wannan alkawari ne, kuma kun san abin da yake ci mini.

Kwamiti ya ce bindigar mutum ɗaya ce. Mutum ɗaya nake nema ya zama na biyu. In an harba ta an sami abin hari, ku sa sunana, da na wanda ya harba.

Baba, ba na son amsa a ofis, ba na son ta ta bakin Pencho, ba na son ta da hatimi. A fili nake so, gaban kowa. Za ka kwanta ka harba ta? In ba za ka harba ba, ka miƙe tsaye ka faɗa musu dalili.

Tihomir Vodenicharov,
bahago